Ƙarshen Kaset ɗin Ango

Malam Jimrau ya zura biro a cikin kaset ɗin yana juya zaren a hankali. Yau ce Juma'ar ƙarshe ta shirinsa na tsofaffin waƙoƙi a Rediyo Gawo da ke Dakoro.

Tare da shi aka buɗe gidan, lokacin da ɗaki ɗaya ne da batir biyu da kwalin kaset. Ya ga zuwan faifan CD, ya ga wucewarsa. Ya ga zamanin da ake kawo waƙa a ɗan katin da bai kai farce ba. Yanzu sabon darakta ya ce daga Litinin sai waƙoƙin zamani da kiran waya, tsofaffin kaset kuma a kwashe su cikin na'ura a rufe kwalin. Duk wannan bai dami Jimrau ba kamar kaset ɗin da ke hannunsa.

Waƙar marigayi Ango mai gurmi ce, mutumin Rumbu, kuma ba ta da kwafi ko'ina. Jimrau ne ya ɗauke ta da kansa. Wata biyu bayan rasuwar Ango, yana sauri, ya danna jan maɓallin ɗaukar murya ba tare da ya duba abin da ke cikin rikoda ba, ya shafe baitin ƙarshe. Tun daga ranar, duk sanda waƙar ta kusa wurin sai ya rage sauti ya kama gaishe-gaishe. Shekara ashirin da uku ke nan, har mutanen gari suna yi masa tsiya wai ya fi son muryarsa da ta mawaƙa. Yakan yi dariya, ya gwammace tsiyar da tonon asiri.

"Baba Jimrau, muna da baƙuwa," in ji Hanatu, mai kula da na'ura.

Wata mata ce tsaye a bakin ƙofa, ta tuɓe takalmanta, ƙafafunta duk rairayi. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ni ce Fadimata, ɗiyar Ango. Na ji an ce yau za a rufe shirin, shi ya sa na taho. Innata ta ce ƙarshen waƙar nan ya ambaci sunana. Ina goye ya rasu, Baba. Kullum ina saurare, kullum sai ka katse."

Jimrau ya jawo mata kujera. Ya ce ta zauna, ya ce zaren ya tsufa, yana iya tsinkewa.

"In ya tsinke mu liƙa," in ji Hanatu. "Yau dai kar ka taɓa komi, Baba, ina ɗauka har ƙarshe."

Jar fitila ta kama. Ya yi sallama ga masu sauraro da muryar da shi kansa bai gane ba, ya saka kaset ɗin. Gurmi ya tashi, muryar Ango ta biyo baya. Fadimata ta sunkuyar da kai, leɓɓanta suna bin waƙar. Jimrau ya san kowane baiti, yana ƙirga su kamar matakan rijiya. Saura biyu. Saura ɗaya. Yatsansa ya kai kan maɓallin rage sauti da kansa, don ya saba. Ya dubi matar, ta ɗago ido tana jira. Kunya ta rufe shi, ya janye hannunsa ya danne shi a cinya.

Gurmin ya yanke. Sai ga muryar Jimrau ta ƙuruciya, tas, ta cika ɗakin da garin baki ɗaya: ana cigiyar raƙuma fara mai tsagaggen kunne, ta ɓata tsakanin Ɗan Gulbi da Sabon Maci, wanda ya gan ta ya taimaka. Sau uku ya maimaita, kaset ɗin ya ƙare.

Hanatu ta kashe makirufo ba ta dubi kowa ba.

"Ni na shafe shi," in ji Jimrau. "Da hannuna. Na kasa faɗi."

Fadimata ta daɗe tana kallon rikodar. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Baba, an ga raƙumar?"

"An gan ta. Bayan kwana uku."

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Wani dai ya samu nashi."

Ta miƙe, ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita.