Auren Mako Guda na Kaka Eulalia

Shekaru na yi a ƙungiyarmu ta masu yaƙi da makaman ƙare-dangi a garin San Cristóbal na ƙasar Kuba, amma ban taɓa iya kama hankalin 'yan makaranta ba. In na shiga aji da hotunan Hiroshima, wasu su yi ta hamma, wasu su yi ta latsa waya a ƙarƙashin tebur. Cewa suke, mu Kuba da ba mu da bam, ina ruwanmu?

Na kai kukana gidan kakannina. Kaka Eulalia tana tsintar baƙin wake a baranda, ta saurare ni, ta ce in kai su ajin kawai, ita da mijinta, ai su ganau ne. Mijinta, Kaka Casimiro, ya ce ba inda za shi, gwiwa ta hana. Ranar da aka sa, shi ya riga kowa shiri, da farar rigarsa mai aljihu huɗu, yana ta ƙamshin turare.

Ita ta fara. Ta ba yaran labarin Oktoban 1962, lokacin da manyan motocin Rasha suka riƙa ratsa garinmu da dogayen makamai masu linzami lulluɓe da tamfol, jiragen Amurka kuma suna wucewa dab da kan bishiyoyi. Rediyo ya ce a shirya, yaƙi na iya ɓarkewa kowane lokaci. A lokacin mahaifinta, Don Evaristo, manomin taba, ya daɗe yana korar Casimiro da ke neman aurenta, don ba shi da komai sai jitar da yake kaɗawa.

Nan Kaka Casimiro ya karɓe zancen. "Daga haƙan ramin ɓuya na taho, duk jikina taɓo. Na ce masa, Don Evaristo, nan da mako duniya za ta tashi. Ka ba ni ita, cutar mako guda ai ba ta da yawa."

"Ƙarya yake yi, yara," in ji Kaka Eulalia. "Ko gaisuwa ya kasa. Ni na yi maganar."

"Tsohuwa, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi ƙaryar, tsoho."

Aji ya kaure da dariya. Ta ce Don Evaristo ya yarda, ya kuma yanke kajin gidan kaf, tunda ba wanda zai rage ya ci su. Aka dafa shinkafa da wake da rogo, maƙwabta suka taru aka yi rawa, ango da kansa yana kaɗa jita.

Sai ta sassauta murya. Ta ce duk yamma a makon nan mahaifiyarta takan yi wa ƙannenta wanka ta sa musu kayan zuwa coci, don in abin ya zo ya same su fes. Ƙaramarsu ta tambaya ko akwai zafi. A ajin, wayoyi duk sun koma aljihu.

Da labari ya zo cewa za a kwashe makaman, garin ya fito titi ana rungumar juna. Don Evaristo kuwa ya tsaya gaban akurki yana kallo, ya ce ga duniya ba ta tashi ba, ga ba kaji, ga makaɗi a gida.

Wani yaro ya tambaya wa ya hana yaƙin. Kaka Eulalia ta ce wasu 'yan mutane ne suka kai zuciya nesa, sauran kuwa sa'a ce. "Bama-baman suna nan har yau, ɗana. Ba na so ranku ya rataya a kan sa'a."

Kafin wata ya ƙare, yaran sun bi nasu kakannin gida-gida suna naɗar muryoyinsu a waya. Muka haɗa su da na kakannina, na tafi da su taron ƙungiyoyin yankinmu a Meziko, aka saka wa wakilai suka ji. Ƙungiyoyi da dama suka nemi a ba su don makarantunsu.

Da na dawo, Kaka Eulalia ba ta tambayi abin da taro ya yanke ba. So take ta ji ko mutanen can sun yi dariya. Na ce har mai fassara sai da ta dakata ta share hawaye. Kaka Casimiro ya ce to nan gaba a ƙara masa lokaci, don an tauye shi. Ta tura masa kofi gabansa ta ce ya sha kafin ya huce.