Faransanci a Zauren Malam Rabe

A shekarar da gwamnati ta ce baƙin da ba su da takardar zama su bar ƙasa, malamin Faransanci na makarantar 'yan mata da ke Funtua ya ɗaure kayansa ya koma Togo. Jarrabawar fita ta kusa, kuma ba a kawo wani a madadinsa ba.

Malam Rabe, mai awon auduga a kamfanin gurza, a bakin mahaifiyarsa Inna ya ji labarin. Lauratu 'yarsa ce ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya kuma yi mata magana a gaban mutane. Uwarta ma haka. A ɗakin Inna ta tashi, ta bakin Inna kuma duk wani saƙo ke zuwa.

"Kishiyar tawa ta daina cin abinci," in ji Inna. "Wai in ta faɗi Faransancin nan, kwalejin da take so a Zariya ta wuce ta."

"Ni me zan yi, Inna? Malami zan ƙera?"

"Malamin ya gaya musu kafin ya tafi, akwai wata tashar waje da ke koyarwa kyauta bayan la'asar. Rediyo kawai ake nema. Kai kuma kana da shi."

Yana da shi kuwa, babba mai eriya, wanda ke kamo tashoshin nesa. A layinsu babu irinsa. Saboda shi ne kullum bayan la'asar maza ke shimfiɗa tabarma a ƙofar zaurensa su ji labaran duniya da Hausa. A nan ake yanke wa farashin taki hukunci, a nan ake sanin wanda za a tura biko da wanda za a je wa gaisuwa. Darasin kuma daidai lokacin labaran yake zuwa.

Abin ya tsaya wa Rabe a rai. In ya ɗauke rediyo ya kai cikin gida, sai an tambaye shi dalili. Ya buɗe baki ya ce don 'yarsa ta fari, wannan kuwa bakinsa ba zai iya ba.

Da farko ya ce wa mazan batir ya ƙare. Jibo tela ya tashi, ya dawo da sababbi daga shagon Obioma. Rabe ya yi godiya, aka ji labarai, Lauratu ta rasa darasin ranar.

Washegari, da aka zauna, ya murɗa rediyon ya wuce tashar da aka saba. Wata mata ta fara magana a hankali da Turanci, ta faɗi kalma da Faransanci, ta yi shiru don mai sauraro ya maimaita.

"Malam Rabe, ka ɓace hanya," in ji Buba mai hatsi.

"Ban ɓace ba. Koyo zan yi. Ina so in fara kai kaya Maraɗi."

"Maraɗin da ko jakinsu Hausa yake ji?"

"A kan iyaka jandarmomi ba sa yi."

Ya ɗora rediyon a kan dakalin cikin zaure, kusa da ƙofar da ke shiga gida, ya ƙure murya. A bayan ƙofar, inda ba mai ganinta, Inna ta ajiye wa Lauratu kujera.

Tunda ya ce shi ke koyo, dole ya maimaita. Matar ta faɗi, shi ma ya faɗi, harshensa na karyewa, gumi na tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Mutumin da aji huɗu ya yi a firamare, Turancin bayanin ma rabi yake kamawa.

"Bafaranshe, ka tambayar mana ita nawa buhun masara a Bakori," in ji Buba.

"Ku bar shi," in ji Jibo. "Da ya iya, shi zai riƙa yi mana tafinta in mun je Faris ɗaurin aure."

Aka yi dariya kwana ɗaya, aka yi kwana biyu. Daga nan dariyar ta ƙare, don mutane labarai suka zo ji, ga zaɓe na matsowa. Aka fara zuwa a gaisa a wuce. Wata ranar kasuwa Buba ya dawo daga Kano da nasa rediyon a cikin kwali, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, can ƙarshen layi.

Rabe yana zaune yana hango mutanen sun koma ƙofar Buba. In an yi shewa a can, har nan yake ji. Jibo kaɗai ya ci gaba da zuwa da ɗinkin hula a hannu.

"Malam Rabe," in ji Jibo wata rana, idonsa a kan allura, "yanzu ai ba kowa. Ka daina wahalar da harshenka. Kana rufe muryar matar, wanda ke son ji ba zai ji da kyau ba."

Rabe ya dube shi, Jibo bai ɗago ba. Daga ranar Rabe ya daina maimaitawa. Sai ga shi duk lokacin da matar ta dakata, wata siririyar murya na amsawa daga bayan ƙofa, ba gargada. Su biyun suka zauna kamar ba su ji ba.

Aka yi jarrabawa da farkon damina. Sakamako bai fito ba sai da dawa ta fid da kai. Rabe ya dawo daga gona yana wanke ƙafa a tsakar gida, Inna ta leƙo daga ɗakinta.

"Kishiyar tawa ta ci. Ba da yawa ba, amma ta haye. Zariya sun ɗauke ta."

"To," in ji Rabe. Ya ci gaba da zuba ruwa a ƙafar da ya riga ya wanke, har butar ta ƙare.

Bayan la'asar ya fito da rediyo, ya mayar da shi tashar Hausa, ya shimfiɗa babbar tabarma. Ya jira har aka gama kanun labarai. Mutane suna wucewa, suna ɗaga masa hannu, suna nufar ƙofar Buba. Jibo ma da ya zo bai zauna ba.

"Taso mu je," in ji shi. "Buba ya sa an dafa gyaɗa."

Rabe ya kashe rediyon, ya miƙa shi cikin gida, ya naɗe tabarma. A ƙofar Buba wurin jikin bango duk an cika, sai aka matsa masa a gefe, kusa da takalma.

"Bafaranshe, yaya Maraɗi?" in ji Buba.

"Na fasa," in ji Rabe. "Ƙara murya, ba na ji daga nan."