Ranar da Jibrilla Ya Ga Yayansa

Shekara ashirin da shida Bamanga bai sa ƙanensa Jibrilla a ido ba, tun da ya kora shanu ya nufi Afirka ta Tsakiya. Sai bana aka ji yana raye a Bangui, har 'yar Jibrillan ta sa ranar kiran bidiyo. Wayar Bamanga ba ta hoto, don haka da hantsi ya shiga gidan maƙwabciyarsa Edna a Kagarawal, malamar firamare mai kwamfutar tebur a falo.

Kira ya shiga. Wani dattijo mai farin gemu ya cika allon, Bamanga ya dafe kujera, don ya ga mahaifinsu sak. Amma Jibrilla baƙin allo kawai yake gani. Ya ce an taɓa yaudararsa da sunan dangi, ba zai saki jiki da muryar da ba ta da fuska ba.

Edna ta zare wayar kyamarar ta mayar, ta sauya mata rami, duk a banza. A ƙasan allo ta ga an rubuta cewa ba ta da izinin amfani da na'urar. Ta kira mijinta Ernest a ofis. Ya ce laifinsa ne: shi ya haɗa kwamfutar, sunansa ne mai iko, nata kuwa na gama-gari ne, bai sa shi cikin rukunin da aka yarje wa kyamara ba. Ya karanto mata umarnin harafi-harafi, ta rubuta, ta sa kalmar sirrinsa. Ba abin da ya canza. Sai can ya tuna dole ta fita daga sunanta ta sake shiga.

Fitarta ta katse kiran. Bamanga ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Baba, yi haƙuri, yanzu zai dawo," in ji Edna.

Da suka sake haɗuwa, wata 'yar fitila ta kama a saman kyamarar. Jibrilla ya matso har goshinsa ya rufe rabin allon. Ya daɗe yana kallo.

"Hamma," ya ce a hankali, yadda Fulani ke kiran yaya, "ashe kai ma ka tsufa."

Bamanga ya miƙa yatsa ya taɓa gilashin, ya duba bayan kwamfutar, ya dawo yana salati. Edna ta ja musu ƙofa ta koma tsakar gida. Har aka kira azahar tana jiyo Fulatancinsu, ana lissafo sunayen waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa.