Titin da Ya Bi ta Kan Rijiyar Hansai

A shekarar 1956 Inuwa yana aikin tafinta a wani ofishin ayyuka a Kaduna. Wata Talata aka kira taro kan sabon titin da manyan motoci za su riƙa bi daga Rigachikun zuwa Babbar Kasuwa. Mutum uku ne a zaune: Baturen injiniya, Alhaji Sabo mai motocin haya, da Datti wakilin 'yan kasuwa. Inuwa yana tsaye a tsakaninsu.

Alhaji Sabo ya ce shi miƙaƙƙen titi yake so, don kwanar hanya tana cinye masa taya. Datti ya ce in aka zaga ta bayan kasuwa, rumfunan hatsi sun mutu. Baturen kuwa ba ya son hanyar da za ta sa shi gina gada. Aka yi ta ja har azahar, sannan Baturen ya ɗauki jan fensir ya ja layi a kan taswira ta cikin unguwar Abakpa. Musu ya ƙare, don layin bai taɓa kayan ko ɗayansu ba.

Inuwa ya leƙa taswirar. Layin ya bi ta kan rijiyar gwaggonsa Hansai, wadda rabin unguwar ke sha.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai mutane a nan. Ko a kira mai unguwa?"

Baturen ya ce, "An manna sanarwa a allon ofis tun makon jiya. Ba wanda ya zo."

Da Turanci aka rubuta sanarwar. Inuwa ya sani, shi ya buga ta.

Da la'asar ya tarar da Hansai tana tankaɗe, ya durƙusa ya gaya mata. Ta ajiye rariya.

"Wa ya yi magana da bakinmu?"

"Na ɗan taɓa, Gwaggo."

"Ka ɗan taɓa," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari ya raka mai unguwa da dattawa huɗu ofis. Suka wuni a baranda, daga ƙarshe wani akawu ya ce musu takarda ta riga ta wuce sama.

Bayan damina leburori suka cike rijiyar da tsakuwa. An kafa famfo, amma a tsallaken titi. Kullum da safe Inuwa kan wuce a kan kekensa ya ga Hansai a bakin kwalta da bokiti, ga ciwon gwiwa, tana jiran motocin gyaɗa su ba ta hanya. Tana amsa gaisuwarsa, ta tambayi iyali. Aiki ne dai ba ta sake tambayarsa ba.