Ƙauyen da Hanya ta Ƙare

Murjanatu Amadu, 'yar Sandamu, tana aji uku a sashen lissafi na jami'a lokacin da Dakta Sada ya dawo mata da takardarta, ya rubuta da jan biro: "Misali ba hujja ba ne."

Darasin giraf ne, wato nazarin ɗigo da layukan da ke haɗa su. An ce a ɗauka garuruwa ne duk a haɗe da hanyoyi, babu inda hanya ta zagayo ta koma mafarinta. A tabbatar cewa kullum garuruwan sun fi hanyoyin yawa da ɗaya tak. Ita kuwa zane goma sha biyu ta yi, duk suka fito daidai.

"Na sha uku fa?" in ji Dakta. "Na dubu fa, kin zana shi?"

Mako biyu tana fama. Ranar Juma'a ta zo gida, bayan la'asar ta baje takardu a kan tabarma. Mahaifinta, Malam Amadu, dillalin awaki ne, babu lungun ƙasar Daura da bai shiga da babur ba. Ya leƙa zanen, ta yi masa bayani.

"Ai kamar ƙauyukanmu ne," ya ce. "In dai babu zagaye, duk inda ka miƙa sai ka kai ƙauyen da hanya ta ƙare."

"Baba, sake faɗa."

Ya sake. Ta goge ƙauyen ƙarshe tare da hanyarsa. Gari ɗaya ya tafi, hanya ɗaya ta tafi, ratar ɗaya da ke tsakaninsu tana nan. Ta yi ta gogewa har ya rage gari guda, babu hanya ko ɗaya.

Ranar Litinin ta rubuta hujjar a allo, layi bakwai.

"Me ya tabbatar miki akwai wannan ƙauyen na ƙarshe?" Dakta ya tambaya.

"Malam, garuruwan suna da iyaka, kuma ba a komawa wanda aka wuce. Dole tafiya ta tsaya."

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo ga ajin. "Kada wanda ya goge. Kowa ya kwafa, ya sa sunanta a sama."

Ta zauna tana kallon mutum sittin sun duƙufa suna rubuta Murjanatu Amadu. Barakatu, wadda ke kusa da ita, ta taɓo ta, ta ce layi na huɗu ya shige mata duhu. Murjanatu ta jawo littafin Barakatu, ta fara zana mata ɗigo.