Uwar Mai ta Gidan Panese

A gidan Panese ba a wanke rijiyar ajiye man zaitun. Ippazio, kakan gidan, shi ya sassaƙe ta cikin dutse a ƙarƙashin zaure, shekarar da ya daina tallan gishiri a kan jaki ya sayi itatuwan zaitun goma sha biyu. Shi ya kafa doka cewa kome zafin ciniki a bar kamu ɗaya na mai a ƙasanta, na bana ya kwanta a kan na bara. Wannan ragowar ita suke kira uwa. Ɗansa Trifone ya kai itatuwan ɗari huɗu, ya buɗe kanti a kasuwar ƙauyen, amalankensa na jerin gwano zuwa bakin teku a Gallipoli. A bakinsa aka ji wai da man Panese ake kunna fitilun coci har ƙasar Rasha. Ko gaskiya ne, oho.

Pantaleo ɗan Trifone ne ya gaji duk wannan, shi kuma kananzir ya tarar. Allah wadan kananzir! Abu a gwangwani, ga wari, ga arha kamar ƙasa. Mu 'yan ƙauyen kuwa man fitila muka iya: a bar zaitun ya faɗo don kansa, a tsince, a jibge wata biyu har ya ɗau zafi ya yi laushi, sannan a niƙa. Shi muke sayarwa, shi muke ci. Da jiragen ruwa masu ɗaukar mai suka daina zuwa, kanti ya rufe, gonaki suka bi ɗaya bayan ɗaya. Sa'ad da Pantaleo ya ba saba'in baya, itace tamanin ya rage, ragamar gida kuma ta koma hannun ɗansa Oronzo, wanda ba ya da zance sai na sayar wa masu gawayi itatuwan ya kwashi iyalinsa zuwa Ajantina.

"Baba, itacen da ba ya ciyar da mai shi ai gawayi ne, wuta kawai yake jira," in ji Oronzo.

"Ubanka ne gawayi!" in ji Pantaleo, don haushi har ya manta wane ne uban.

Vita ce ta shiga tsakani, ƙanwar Oronzo, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ta ji labarin wani mutumin garin Bari da ke sayen man ci da daraja, amma sai wanda aka tsinka da hannu aka matse a ranar.

"Yaya, ba ni bana kawai," in ji ta.

"Na ba ki. In ya saya, itace ya tsaya. In ya ƙi, gatari ne, kuma kada wanda ya zo mini da kuka."

Pantaleo bai bar ta ta sha ruwa ba. Kullum yana gindin itace da sandarsa yana kallonta a kan tsani. "Ke akuya, sauko! Ko jariri sai ya cika wata tara, ke kina fizgar ɗanyen abu." Ita dai ta ci gaba da tsinka. Ta sayar da 'yan kunnenta ta sayo sababbin faya-fayan matse zaitun da tuluna goma sha takwas. Dutsen niƙan nan da bai taɓa ganin ruwa ba, ta goge shi da toka da ruwan zafi har fatar hannunta ta tsage. Man da ta matse a tuluna ta zuba, rijiyar kam ba ta ko kalle ta ba, ba ta kuma gargaɗi uban a kanta ba, don me zai kai mutum ya taɓa man da yake yi wa ba'a?

Hannun nan ne ya karya masa zuciya. Ya gan ta tana yanka burodi da yatsu a naɗe da tsumma, sai kunya ta kama shi. Duk zuriyarsa wannan ce kaɗai ta tsaya wa itatuwan, shi kuma ya saka mata da baƙar magana. Ya lallaɓa ya buɗe tulu ɗaya. Man kore ne, dagule kamar ruwan kududdufi, ga maƙaƙi a maƙogwaro. Wannan za a nuna wa baƙo? Ai dariya zai yi wa 'yarsa. Shi kuwa ya san magani, don ba man da ya taɓa kwana uku a rijiyar Ippazio bai fito garau ba.

Ranar Lahadi duk gidan suka tafi bikin waliyyi a ƙauyen gaba, shi ya ce gwiwa ta hana shi. Suna fita ya ɗauki buta ya fara kwasar man tulunan zuwa rijiya. Matakala goma sha ɗaya ce zuwa bakin rijiyar, ya yi ta sauka yana hawa tun hantsi har rana ta karkata, yana haki, yana kiran sunan ubansa da kakansa a kan kowace buta. Rabon da ya ji daɗi irin na ranar har ya manta.

Vita ta dawo ta tarar da tuluna a kife. Ta tarar da shi zaune a kan matakala, rigarsa sharkaf da gumi, sai murmushi yake yi.

"Na kwantar miki da shi a kan uwa," in ji shi. "Yanzu ya zama man Panese. Ko yayanki ban taɓa yi wa haka ba."

"Duka, Baba?"

"Duka mana. Rabi da rabi zan yi wa 'yata?"

Ta dafa bango. Ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura. Can ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ɗauka daɗi ne ya hana ta magana.

Mutumin Bari ya iso ranar Laraba da hantsi, wani siriri mai hular 'yan birni. Pantaleo da kansa ya ɗebo man a kofi, ya ɗaga shi a rana. Garau kuwa, har kana hango yatsa ta cikin kofin. Baƙon ya dumama kofin a tafin hannu, ya sansana, ya ɗan kurɓa, sai ya juya ya tofar a gindin bango ya goge baki.

"Ranka ya daɗe, kada ka ji haushi. Irin wannan masu sabulu muke kai wa."

"Sabulu? Kai yaro, ka san gidan da kake tsaye?"

"Na sani, dattijo." Ya dubi Vita. "Baiwar Allah, akwai mai mai kyau a cikin nan, ina jin ƙanshinsa daga nesa. Amma an haɗa shi da tsohon da ya ruɓe tun ba a haife ni ba. Ba mai iya raba su." Pantaleo bai ji wannan ba, yana can yana zagin Bari da mutanenta.

Ko ruwa baƙon bai tsaya sha ba. Oronzo bai yi faɗa ba, wanda da ya yi ma ya fi sauƙi. Ya ɗaura wa alfadari sirdi ya nufi wurin masu gawayi.

Pantaleo ya zauna a bakin ƙofa da kofin da aka bari. Ya gutsuri burodi ya tsoma, ya tauna a hankali, ya sake tsomawa. Ya nemi aibin nan iya nemansa bai samu ba. Ɗanɗanon da ya sani ne tun yana goye.

"Vita, zo nan. Don Allah ki gaya mini gaskiya, me ke gare shi?"

Ta zo ta durƙusa ta gyara masa takalminsa, ba ta ɗago kai ba.

"Ba kome, Baba. Baƙon ne bai san mai ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce ai shi ma ya faɗa.