Hannun Dwight

A filin tseren nan da ke bayan gonakin masara, dokar ranar Asabar guda ce: ba ka wuce kowa sai ya miƙo hannu ta taga ya nuna maka hanya. Ba gasa ake yi ba, kowa da motarsa yake zuwa ya huce gajiyar mako. Amma ba wanda dokar ta ci kamar Loretta Haskins. Shekara goma sha ɗaya tana zuwa da 'yar motarta mai kujera biyu, wadda wajen shan kwana ba motar da ta kai ta, a miƙaƙƙen titi kuwa sai ka ce jaki da kaya. Hannunta na hagu har ya fi na dama duhu don shan rana. Matar da ta shekara talatin tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ta yi ritaya, nan ma ba ta huta da ba mutane hanya ba.

Wanda ya fi morar hannun nan shi ne Dwight Sorensen, mai jar mota silinda takwas da baki kamar reza.

"Loretta, mu sayo miki usur da farar safar hannu mana, ki kama aikin sosai."

"Kai dai ji da tumbinka, ya kusa hana ka juya sitiyari."

Haka suke kullum. Sai da kaka, suna cin tsiran alade a bakin tirelarsa, ya ce mata likita ya duba idonsa, zuwansa na watan Mayu shi ne na ƙarshe. Ya faɗa yana dariya. Ita kuwa abin ya tsaya mata a rai: tana son ganin hannun Dwight ko sau ɗaya, kuma ba don tausayi ba.

Duk lokacin sanyi a gareji ta yi shi, ƙanƙara ta rufe ƙofa. Turbo ɗin da ta sayo don ƙara wa motarta gudu ya zo a kwali, ɗan ƙarfe mai siffar katantanwa, da hannu ɗaya ta ɗaga shi. Hayaƙin da inji ke zubarwa shi ke juya farfelar cikinsa, ita kuma ta ɗura wa injin iska. Loretta ta daɗe tana kallonsa. Wato duk shekarun nan ƙarfin yana nan, ta salansa yake ficewa! Ta karya noti uku, ta ƙone ɗan yatsa, ta zagi bututun mai zagin da ba ta taɓa yi gaban 'yan makaranta ba.

Ranar ta zo. Dwight ya leƙa ƙarƙashin bonet ya yi fito.

"Tsohuwa, ƙaramin injin nan zai iya? Kar fa mu tsinto fistin ɗinki a gonar masara."

"In ka tsinta ka ajiye, tsarabarka ce."

Zagaye biyu tana lallaɓa motar, ido a kan allurar da ke nuna zafin inji. A na uku ta hango jar motar. Ta cim masa a kwanar ƙarshe kamar kullum, nan ne kuma yakan tafi ya bar ta da ƙura. Titi ya miƙe. Ta taka totur.

Da farko shiru, har gabanta ya faɗi. Sai wani siririn fito ya taso daga gaba, kujera ta tokare mata baya, itatuwan gefe suka haɗe suka zama bango ɗaya. Jar motar da ta saba ganin tana ƙanƙancewa, yau girma take yi. Tsigar jikinta ta tashi. Tsoro ya kama ta, tsoron abin da hannunta ya ɗaura, ga kuma daɗi.

Hannu ya fito ta tagar hagu, kakkaura, da agogon azurfa, yatsa ɗaya a miƙe.

Ta wuce. A gabanta ba kowa, kwalta ce kawai da sararin sama, abin da ba ta taɓa gani a filin nan ba. Hawaye ya jiƙa mata soson hular kwano.

Amma da ta faka, murnar ta ragu. Kowa ya san mai ba da hannu yakan ɗan saki totur don na baya ya samu wucewa. Ita kanta ta yi hakan ya fi sau dubu. Ta nufi tirelarsa ko hular ba ta cire ba.

"Dwight, faɗa min gaskiya. Ka ɗaga ƙafa?"

Yana zaune a motar bai fito ba, inji na ƙas-ƙas yana hucewa. Ta jira baƙar magana, ba ta zo ba. Kallon 'yar motarta yake yi.

"Niyyata ke nan," ya ce. "Na rantse miki, niyyata ke nan. Na miƙa hannu, na duba madubi in ga inda kike kafin in saki, sai na ga ba kowa. Ƙafata tana kan totur, Loretta, na danne shi har tabarmar mota."